Kalar da Na Zuba a Baƙin Duro

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Wannan littafin lissafin Kurciya ne. Ta yage masa shafi shida na farko da haƙori, ni kuma na ce ba zai tafi a banza ba. Ban saba rubutu ba, amma in ban juye abin da ke cikina a wani wuri ba, a kan mutum zan juye shi, kuma na san a kan wa.

Yau ina tsakiyar tsame shinkafa aka aiko kirana. Shekara tara ina girki a makarantar nan, yara ɗari uku da 'yan kai nake ciyarwa kullum, ba a taɓa kirana ofis don an tsinci tsakuwa a wake ba. Yau an kira ni don 'yata ta ciji 'yar mutane a dantse. Na ga sawun haƙoran, har da giɓin nan nata na gaba. Babu wajen musu.

Kakarta ce ta sa mata Kurciya, don tun tana goye ba a jin kukanta. Yarinyar da za ka ajiye a tabarma ka je kasuwa ka dawo ka tarar tana wasa da murfin kwano. Shekararta bakwai. Yau na sami Malamar ajinsu ta riƙe ta ta baya, ita kuma tana ta harbin iska, idanu a waje, leɓe jawur.

Na ja ta bayan kicin, inda muke tara itace, na cire silifas. Ban ƙirga ba. Doguwa, abokiyar aikina, ta leƙo ta ce, "Yaya, shinkafarki za ta kama." Ba don shinkafa ta faɗa ba.

Malamar ta tare ni a hanya ta ce, "Ba ita kaɗai ba ce fa, Maman Kurciya. Tunda aka dawo hutu, da an tashi daga cin abinci ajin nan kamar an zuba musu ƙaiƙayi a riga." Na ce mata ba ruwana da 'ya'yan wasu, tawa nake gyarawa.

Talata, 4 ga wata, da safe

Ta ƙi sa takalmi. Ta jefe ni da ɗaya. Na rama da ɗayan.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe uku da rabi

Yau Hedimasta ya shigo kicin da kansa, yana toshe hanci saboda hayaƙi. Na zaci maganar cizo ce. Ashe yabo ya kawo. Wai lemon bana ya fi na kowace shekara, yara har rige-rige suke a taga, wasu ma sai su bar abinci su sha lemo kawai. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Lemon nan ni ke haɗa shi, ba mai taɓa min. Ruwa, sukari, garin ɗanɗano, sai jar kala da ɗan kwangila ke kawowa a gwangwani. Ba na awo. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, haka na koyi girki, haka nake zuba gishiri a tukunyar mutum ɗari uku ba a taɓa cewa ya yi yawa ba. Zubawa nake ina juyawa har in ga ja ya taso, sai in tsaya.

Farin bahon da nake haɗawa a ciki ya tsage kafin hutu, suka kawo mana wani baƙin duro mai zurfi. In ka leƙa cikinsa kamar ka leƙa rijiya. Doguwa ta girgiza gwangwanin ta ce, "Yaya, wannan da yake kai mu wata guda, ga shi kwana shida ya ƙare." Na ce ɗan kwangila ne ya fara kawo marar ƙarfi, ai kin san halinsu, in sun sami wuri sai su miƙe ƙafa.

Abin da ya rage a gindin duro doka ta ce a zubar. Wace mai girki ce ke zubar da sukari a kwata? Gora babba nake cikawa in tura ƙasan jaka, ƙarƙashin zanen aiki. Kurciya ta sha kafin ta fita, ta sha in mun dawo, ta sha bayan abincin yamma. Shi kaɗai ne abin da in na miƙa mata take min murmushi kwanakin nan.

Asabar, 8 ga wata, bayan la'asar

Ta fasa madubin sif da cokali. Ba faɗa aka yi da ita ba, ba abin da aka hana ta. Tun safe take zagaye ɗaki, ta hau gado ta diro, ta hau ta diro, har na ji kaina na juyawa. Sai na ji tas.

Babanta ya dawo daga wajen walda da jajayen idanu, ya ga gilashi a ƙasa, bai ko wanke hannu ba ya zare bel. Ta shige ƙarƙashin gado, ya jawo ta ta ƙafa. Ban hana ba. Kaka na zaune a kujerarta tana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da ya gaji ta dube ni ta ƙara da cewa, "Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Uwar miji ce, na haɗiye. Da wata ce da ta ji a jikinta, wanda kuma shi ne abin da take nufi.

Ya ce in ta sake, zai kai ta wajen Gwaggonta, yayarsa. Tafiyar yini guda ce a mota. Matar nan ta raini yara biyar da wayar wuta, duk sun fito shiru-shiru, ko gaisuwa sai sun kalli ƙasa. Ya ce can za a sauke mata abin da ke kanta.

Na ba ta lemo don ta yi shiru. Ta shanye kofi biyu tana ajiyar zuciya.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyu

Fensir. Ɗan mahauci, wanda suke benci ɗaya. Wai ya taɓa mata kofi ne. Ta soke shi a kumatu, ƙasa da ido kaɗan, bakin fensirin ya karye a ciki. Ina taga ina rabon abinci na ga an fito da shi, farar rigarsa ta rine har ciki. Ɗinki huɗu. Da ya sunkuya kaɗan da yanzu ido ake magana.

Hedimasta ya ce ta zauna a gida sai ranar 27, ranar da kwamitin iyaye zai zauna ya yanke ko korarta za a yi. Ya faɗa yana duba takarda, bai kalle ni ba. Mutumin da ya yaba min lemo ranar Alhamis.

Babanta ya ce ba sai ya jira kwamiti ba, ya riga ya yi magana da direban da zai kai ta wajen Gwaggonta. Asabar 29.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe biyar

Faɗuwa ta yi.

Talata, bayan magariba

Ta ture Kaka daga kan kujera, tsohuwa ta bugu da ƙasa. Ina tsaye a bakin murhu ina juya miya. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Faɗuwa ta yi, daga kan dakalin ƙofar ɗaki. Haka na gaya wa Babanta da ya ga Kurciya ta dafe kunnen hagu. Haka na gaya mata ita ma, sau uku, har ta iya faɗa da kanta. Ludayina na ƙarfe ya lanƙwashe a wuya, na tura shi bayan buhun gawayi.

Na kai wa Kaka abinci ta ture kwanon da ƙafa.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe uku

Matar mahauci ta zo har kicin. Ba sallama. Ina sunkuye ina kwashe wake na ji an fizgi ɗankwalina ta baya. Ta ce, "Ke ce uwar karya ko? Fito ki ga abin da kika haifa ya yi wa ɗana." Na ce ta saki gashina. Ta tofa min yawu.

Ban san lokacin da na kama ta ba. Mun yi birgima a tokar murhu, ta yakushe ni daga kunne zuwa haɓa, na kafa mata gwiwa a ciki. Hannuna ya kai ga itace mai wuta. Na ɗaga shi. Doguwa ce ta riƙe min wuyan hannu da hannu biyu tana cewa, "Yaya, yara na kallo." Na waiga, taga cike da kawuna, kowa da jan baki, suna ta tsalle suna ihu a ci gaba.

Matar ta fita tana cewa ranar 27 za mu haɗu. Gaskiyarta ce, ɗanta aka huda. Da nawa ne da na yi abin da ya fi haka, kuma wannan ne ke ba ni tsoro.

Alhamis, 13 ga wata, da safe

Akwai tabo a matashin kanta. Ruwa-ruwa da ɗan jini. Na juya matashin.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe ɗaya

Jikinta ya yi zafi, dole na kai ta asibitin unguwa. Ma'aikaciyar jinyar da kowa ke kira Sista ta haska kunnen ta daɗe tana dubawa. Ta ce me ya same ta. Na ce faɗuwa ta yi. Ta kalli yakushin da ke fuskata, ta rubuta magani, ta ce mu dawo bayan sati biyu likitan kunne zai zo.

Sai ta ce Kurciya ta buɗe baki. Harshe ja har maƙogwaro. Yarinyar ba ta zauna ba, ta taɓa wannan ta ja wancan, ta kusa kifar da tiren allurai.

"Me take sha haka?"

"Lemon makaranta ne. Kofi ɗaya a rana."

"Ba kin ce kwana huɗu ba ta je makaranta ba?"

Ta ajiye biro ta ce, "Uwar ɗaki, ni ba alƙali ba ce. Kalar nan da ake zuba wa abinci, akwai yaran da ba ta yi musu komai, akwai waɗanda ake ganin tana hana su natsuwa. Masana ma ba su gama daidaitawa a kai ba, kuma ba zan ce miki ita ta riƙe fensir ba. Amma ki ɗauke mata sati biyu ki gani. Ba abin da za ki rasa."

Na ce a raina, shekara tara yara na shan lemona. Amma duk hanyar gida harshen nan nake gani.

Asabar, 15 ga wata, da hantsi

Na tuttular da gorar a kwata tana kallo. Ta yi kaina. Ta cije ni a cinya ta cikin zane, ta yi ta buga goshinta a ƙofa har ya kumbura, ta watsar da kwanuka. Hannuna ya tashi da kansa. Na cusa shi a hammata na danne, na zauna a ƙasa na bar ta ta yi ta dukan bayana har ta gaji.

Kaka ta leƙo ta ga haka ta koma.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe huɗu

Babanta na neman gawayi ya ga ludayin. Ya ɗauka ya juya shi ya ce, "Me kika daka da wannan, dutse?" Ya yi dariya. Ya ɗora shi a kan dakali ya miƙe shi da guduma, bugu uku, ya miƙo min. "Ga shi nan, kamar sabo."

Na karɓa.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe uku

Na kai wa Malamar gwangwanin lokacin hutun tara, don rubutun jikinsa ƙanana ne kuma ba da harshen da na iya ba. Ta sa tabarau ta karanta. Rabin ƙaramin cokali a duro irin namu. A ƙasa kuma an rubuta cewa yana iya taɓa natsuwar yara. Ta ce, "Nawa kuke zubawa?" Na ce kamar haka dai, na karɓe gwangwanin.

Cokalin miya shida nake zubawa. Wata rana bakwai.

Na koma kicin na ɗebo lemon yau a farin faranti na fito da shi rana. Kofunan yara duk masu launi ne, ja da kore da shuɗi, ban taɓa ganinsa a farin abu ba tun da baho ya tsage. Kamar abin da ke kwarara a mayanka. A farin baho da na yaɗa bakin cokali ja ke fitowa. A baƙin duro ido ba ya ganin komai sai an cika shi. Sati bakwai ina yi. Ido ya san ƙima, in ji ni.

Doguwa ta kalli farantin ta kalle ni, ta rufe ƙofa. "Yaya, ki zubar. Ki rage daga gobe, ba wanda zai sani. In maganar nan ta fita, iyayen nan da ranki za su ci ki, ni ma su haɗa da ni." Na ce to.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe biyu da rabi

Rabin ƙaramin cokali. Yara suka ce ruwan wanke-wanke ne. 'Yan aji biyar suka fara jifan taga da kofuna, ɗaya ya sami Doguwa a gira. Malamin horo ya jera ajin gaba ɗaya a rana ya bi su da bulala, shida-shida, ina jin ƙarar daga bakin murhu. An bar jaki ana dukan taiki.

Hedimasta ya aiko a gaya min in mayar da lemo yadda yake. Na ce kala ta ƙare. Gwangwani biyu na nan a bayan buhun shinkafa.

Alhamis, 20 ga wata, bayan la'asar

Ta yi barcin rana. Rabon da in ga haka tun kafin hutu. Na tsaya a kanta ina kallo kamar wata sakarya.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe biyar

Ta jefi kazar maƙwabta da dutse ta karya mata ƙafa. To ina kalar take yau? Ban sani ba. Wataƙila Kaka ce ke da gaskiya, jinina ne. Wataƙila duka ne ya koya mata duka. Ban sani ba.

Lahadi, 23 ga wata, da yamma

Tun azahar take zaune a dakali tana zana gidaje da gawayi, ta yi musu tagogi har da labule. Ta fi awa ba ta tashi ba. Babanta ya fito daga ɗaki ta hagunta ya ce ta kawo masa ruwa. Ba ta motsa ba. Ya sake kira. Ya kira na uku da tsawa, tana ta zanenta.

"Ina magana kina ji kin mai da ni mahaukaci?"

Ya zare bel. Na taso daga wanki da kumfa a hannu na shiga tsakani. Ƙarfen bel ɗin ya same ni a gefen ido, na biyu a kafaɗa. Na riƙe shi na ce, "Ba ta ji ka ba." Ya ce in saki. Na ce sai dai ya kashe ni. Muka yi ta ja har ya hankaɗa ni na faɗa cikin bahon wanki. Shekara goma sha ɗaya da aure bai taɓa ɗaga min hannu ba, ya tsaya yana kallon bel ɗin kamar wani ne ya sa masa a hannu.

"Ke da kike jibgarta kullum, yau kuma me ya same ki?"

Kurciya ta juyo da kanta gaba ɗaya, ta kawo kunnen dama, ta ce, "Baba, magana kake?"

Ya ce Asabar na nan yadda take. Ya fita.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe uku

Malamar ta ce ajin ya ɗan lafa, ko kuma ita ce ta saba. Ta ce min, "In kwamiti bai ji wani dalili ba, korarta za su yi. Mahauci ya bi gida-gida." Ta san abin da ta karanta a gwangwani. Ta tsaya tana kallona har na sunkuyar da kai.

In na yi shiru, aikina na nan, 'yata ta tafi wajen wayar wuta da kunne ɗaya. In na yi magana, shekara tara ta tafi. Doguwa ta ce in yi tunani. Na ce na yi.

Laraba, 26 ga wata, da safe

Na wanke fararen faranti biyu na sa a jaka.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe shida na yamma

A ajin 'yan shida aka zauna, manya a kan bencin yara, gwiwoyi a ƙirji. Mahauci a gaba da matarsa da yaron, an cire ɗinkin, tabon na nan. Babanta a can baya, jingine da bango. Hedimasta ya karanta laifuka: cizo, fensir, har da faɗan kicin. Ya ce ko uwar yarinya na da abin cewa.

Na fito na ajiye faranti biyu a tebur. Na zuba na yadda aka rubuta a ɗaya, na zuba na yadda nake yi a ɗaya. Na ajiye gwangwanin a tsakiya. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, wannan jan shi 'ya'yanku suka sha sati bakwai, kuma hannuna ne ya zuba. Na faɗi maganar baho da duro. Na roƙi Malamar ta karanta rubutun, ta tashi ta karanta da ƙarfi.

Wani tela ya ce, "To ɗana ma ya sha, wa ya ciza?"

Na ce ɗanka kofi ɗaya yake sha. Tawa huɗu, wata rana biyar, har Asabar da Lahadi, don ina satar ragowar in kai gida. Na ce ban ce kala ce ta soki yaron nan ba, ko Sista ba ta ce haka ba. Amma kwana goma sha biyu ke nan da na ɗauke mata, ku je ku gan ta a zaune. In za a kori wani, ga ni.

Daga nan ban iya jera abin da ya faru ba. Wata ta ce guba na ba 'ya'yansu. Benci ya kife. Matar mahauci ta ɗauki jan farantin ta watsa min a fuska, ya shiga idona, wani ya fizge min mayafi, takalmi ya same ni a ƙeya. Wasu suka yi kan Hedimasta suna tambayar wa ke duba kicin, wa ya sayo duron, shi kuma yana ta cewa bai taɓa ganin gwangwanin ba. Na ji hannu ya kama ni ta baya, na juya zan kai duka, ashe Babanta ne. Ya sa ni a bayansa, wani ya fasa masa leɓe. Mahauci ne da kansa ya daki tebur ya ce duk wanda ya sake taɓa matar nan da shi zai yi. Ya ce, "Ta faɗa da bakinta. Cikinku wa zai iya?" Matarsa ta harare shi kamar ta cinye shi ɗanye.

An yanke: an daina kala a kicin. Ni daga yau ba ni ba girkin makaranta. Kurciya ta dawo ranar Litinin, a canza mata benci, a gwada ta zuwa ƙarshen zango.

A hanya Babanta ya ce zai gaya wa direba ya fasa. Ya ce, "Da kin gaya min tun farko." Ya ce yau ya san wadda ya aura. Kaka ma ta karɓi abinci daga hannuna, amma da ta karɓa ta riƙe idona ba ta saki ba.

Kowa na ganin na faɗi komai.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe huɗu

Yau likitan kunne ya zo. Babanta ya rufe shago ya raka mu, da kumburarren leɓensa. Jan jiya bai fita daga farcena ba duk da na goge da toka.

Likitan ya duba ya ce fatar cikin kunnen ta fashe, kuma ta yi ruwa saboda an daɗe. Wataƙila jin ya dawo rabi, wataƙila ba zai dawo ba. Ya ce yana so ya san yadda abin ya faru, don faɗuwa daban, bugu daban. Bai tambaye ni ba. Ya durƙusa ta damanta ya ce, "'Yan mata, me ya sami kunnen?"

Tana zaune tsaf, hannu a cinya, kamar Kurciyar da. Ta kalle ni tukuna. Sannan ta ce, "Faɗuwa na yi, daga kan dakalin ƙofar ɗaki." Ba ta bar ko kalma ɗaya ba. Ta sake kallona ta ga ko ta faɗa daidai.

Jiya mutum sittin sun taso min ban ji tsoro ba. Yau na ji shi.

Na ce, "Likita, ba faɗuwa ta yi ba. Ludayi ne, na ƙarfe. Ni ce."

Sista ta ci gaba da rubutu. Na juya wajen Babanta. Na ga yana kallon hannunsa na dama, wanda ya riƙe guduma ranar da ya miƙe ludayin. Ya fita ya jira mu a waje, a hanya ya ɗauke ta a kafaɗa, ni ina binsu a baya. Har yanzu bai yi min magana ba. Ban san me zai yanke ba, kuma duk abin da ya yanke ba zan ce ya zalunce ni ba.

Asabar, 29 ga wata, da hantsi

Yau ce ranar da mota za ta zo. Ba ta zo ba.

Na sami Kurciya a dakali tana zana gida. Na zauna kusa da ita, na kai hannu zan gyara mata kitso, ta ƙanƙame kai ta rufe ido. Na janye hannun. Na ce mata daga yau ba sai ta sake cewa faɗuwa ta yi ba, ni na buge ta, kuma ban kyauta ba, ta yafe min. Na faɗi duka. Ta ci gaba da yi wa tagarta labule, ko waigowa ba ta yi ba.

Sai na lura ta hagunta na zauna.

Na tashi na zagaya ta dama, na fara daga farko.